Jar fitilar motar Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙa motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar ƙaramar mota mai ƙofa huɗu wadda ta riga ta sha wuya a hannun mutum uku. Ita ce abincinsa, ita ce mutuncinsa a tasha. Kullum da safe sai ya wanke ta har ƙarƙashin kujeru, ya goge madubi da gefen rigarsa. Matarsa takan ce da ita ma tana samun rabin wannan gata, da tuni ta koma budurwa.

Abu ɗaya ne ba ya yi mata, shi ne juye, wato zubar da tsohon baƙin mai a sa sabo. Wanda ya sayar masa da ita ya ce masa tsohon inji ba ya son a wanke cikinsa, dauɗar ce ke toshe masa kafofin yoyo. Kawu ya riƙe maganar nan gam. In baƙin mai ya ragu, sai ya tsiyaya sabo a kan tsoho ya rufe. Har abokan aikinsa suka laƙaba masa Ƙara-kaɗan, yana amsawa yana dariya.

Da jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari, ni na matsa masa muka je gareji. Bakanike ya zaro ma'aunin mai, ya murza abin da ya maƙale a jiki tsakanin yatsunsa.

"Baba, wannan ai ba mai ba ne, kwalta ce. Ragar famfon mai ta toshe. A sauke ƙasan injin a wanke, yau ɗin nan."

"In kun buɗe ta, kwana nawa?"

"Uku, in an yi sa'a."

"Kwana uku wani zai gaje mini layi. Wayar fitilar ce ta saki, ɗana, na san halinta."

Muna komawa gida ya yanki baƙin salatif ya liƙe fitilar, wai tana tsorata fasinja. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Mutumin da ke jin ƙarar ƙusa a taya daga nesa, shi ne ya rufe idon motarsa da hannunsa.

Wata biyar ta ƙara masa. Ran nan da rana tsaka, yana hawan gada da fasinja cike, injin ya buga. Aka jawo ta gareji. Da bakanike ya ɗaga murfin injin, da cokali ya riƙa kwasar baƙar laka yana zubawa a kwano. Ya ce ba sauran abin gyara. Kawu ya haura sittin, ba mai ba shi mota kuma, kowa a wurin ya san haka.

Ya shiga ya zauna a mazauninsa, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin a hankali, ya murɗa makulli. Sauran fitilu duk suka kama, ban da ita.

"Ƙwan ya ƙone, Baba," in ji bakanike. "Ya daɗe yana ci a ƙarƙashin abin nan."

Kawu ya shafa wurin da babban yatsa. Ya ce, "Ashe duk watannin nan tana kirana."