Fuskar Alhaji Busairi a Hannun Misnatun

Tun Misnatun tana 'yar shekara bakwai take satar gawayi a murhun uwarta, ta bi bangon mutane tana zana shanu. Ta sha duka kam, babu ƙarya. Ta girma, ta yi aure, ta shekara talatin tana shanyar ganyen taba a ƙauyensu da ke gefen garin Pamekasan, amma abin bai bar ranta ba. Sai da jikoki suka fara zuwa ta ce wa mijinta Sahwi ita fa ta gama da taba, fenti za ta saya.

Sahwi ya ce tsufa ne ya zo mata da gardama. Ya ba ta damina ɗaya: in ba a sami wanda ya rataye zanenta a gidansa ba, ta tattara burushinta ta koma rumfar shanya.

To, a nan tsibirin Madura mai zanen shanu bai kamata ya rasa aiki ba. Ƙasar da mutum zai fasa wa bijimin tserensa ƙwai hamsin a rana, shi kuma ya ci shinkafa gaya! Matsalar Misnatun ɗaya ce: hannunta bai san fuskar ɗan Adam ba. Duk wanda ta zana sai ya fito da faffaɗan hanci da manyan idanu masu ruwa-ruwa. Ta gwada da ƙanwarta, suka yi wata biyu ba sa ga-maciji.

Damina na shirin ƙarewa sai ga saƙon Alhaji Busairi, wanda bijiminsa Topan ya ci tseren gunduma. Zanen Topan yake so, shi kuma yana tsaye a gefe da baƙar hularsa. Misnatun ta roƙe shi a bar bijimin shi kaɗai, ya ce sam, ai tare suka ci.

Topan bai ba ta wahala ba. Tozo, ƙaho, jar fatar nan da ake wa tausa safe da yamma, har tabon da ke bayan kunne, duk suka zauna daram. Fuskar Alhaji kuwa sau shida tana gogewa tana sakewa. A na bakwai ta ja baya ta duba, sai ga bijimai biyu, ɗaya da hula. Sahwi ya leƙo, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bari ya je ya share mata wurinta a rumfa.

Ranar kai zane tsoro ya kama ta sosai. Ga masu shanu cike da tsakar gidan Alhaji suna shan gahawa. Ta yaye ƙyallen da ta rufe zanen da shi. Wani ya ƙware da gahawa, wani ya tuna wai ya bar akuya a sake.

Alhaji ya matso, ya dubi Topan, ya dubi mai hula, ya daɗe yana dubawa. Sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ƙwala wa matarsa kira.

"Hajiya, fito ki gani. Shekara nawa ina gaya miki muna kama da Topan, kina cewa in nemi magani?"

Nan take waɗanda suka fara zamewa suka dawo, kowa na rantsuwa shi da nasa bijimin sun fi haka kama, wai Misnatun ta zo gobe ta gani da idonta. Daɗi ya rufe ta. Alhaji ya sa aka buga ƙusa a falo, amma kafin a rataye ya ja ta gefe, ya rage murya.

"Ƙanwata, gyara ɗaya ya rage. Ki ɗan ƙara mini kaurin wuya, nasa ya fi nawa."