Maƙabartar Baƙi ta Bayan Tasha

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sanda, kuma bana ne kabarinsa ya ɓace mini. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Mutumin Duza ne, ta ƙasar Anka. Yana saurayi ya bi Fulani korar shanu zuwa wata 'yar tashar jirgin ƙasa can gabas, inda layi ke rabuwa biyu. Shanu suka hau tarago suka yi kudu, shi kuwa ya zauna, aka ɗauke shi aikin ba jirgi ruwa. A zamanin, in fasinja ya cika a hanya, a wannan mahaɗa ake sauke gawarsa, don nan jirgi ke daɗewa tsaye. Ba dangi, wani ko suna babu. Baba ke yi musu wanka, ya tara leburori a yi salla, a binne bayan tankin ruwa. Kowane kabari sai ya kafa masa guntun ƙarfen layi, wai ko wata rana a zo cigiya.

Jirgi ya daina zuwa, kasuwa ta watse, ma'aikata suka kama gabansu. Baba ya ƙi tashi. Inna ta yi faɗa har ta gaji, shi dai ya ce wa zai bar wa baƙinsa. Nan ajali ya same shi. Muka kafa masa nasa ƙarfen, muka dawo da Inna Anka.

Da daminar bana Inna ta ce in je in yi masa addu'a. Na tarar da ofishin tasha ba rufi, awaki kwance a ɗakin sayar da tikiti. Masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe layin, sun haɗa har da alamomin kaburbura, wurin ya koma gonar gero. Mai gonar ya rantse bai san da mutane a ƙasa ba. Ban ga laifinsa ba, rashin sani ya fi dare duhu. Da Baba zai ɗago ya gani, me zai ce? Ina jin ba nasa zai fara tambaya ba. Na tsaya bakin gona na yi musu addu'a gaba ɗaya, hawaye na zuba.

Da ƙyar na iya faɗa wa Inna. Sai ta ce, "Bar kuka. Da ka gane nashi, shi ɗai za ka yi ma addu'a. Waɗancan bayin Allah fa, tun da ubanka ya kwanta, wa ya taɓa ɗaga musu hannu?"

Har yau ban san inda yake kwance ba. Gadon da Baba ya bar mini ke nan, baƙinsa sun zama nawa.