Ƙayar da ta ci ƙafar makiyayi

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Arewa na ga abin da har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ba.

A lokacin, malamin asibiti daga Gumel yake zuwa Maigatari ranar kasuwa, ya buɗe akwatinsa a gindin tsamiya yana wanke ƙananan raunuka. Da yake shi kaɗai ne, sai ya bi layi yana tambaya, "Da zafi?" Wanda ya fi raki shi ne gaba.

Ran nan wuƙar fiƙe alƙalami ta yanke ni a yatsa, na shiga layi. Kusa da ni wani Bafulatani ne daga wajen Sule Tankarkar, ƙayar aduwa ta karye masa a tafin ƙafa.

"Kai fa, Jauro, da zafi?"

"Ba komai, Malam."

Filako ne, Bafulatani ba ya kukan ciwo a gaban mutane. Malamin kuwa baƙo ne, bai san haka ba. Ya ce, "To koma baya, angon saniya." Aka yi dariya. Kafin layi ya zo kan Jauro, aidin ɗin da ake wanke rauni da shi ya ƙare, aka ce ya dawo wata kasuwar. Ya tafi yana dogara sandarsa.

Da ya dawo, a kan jaki aka kawo shi, ƙafar ta yi baƙi tana wari. A Kano aka yanke ta. Makiyayi ba ƙafa, ai kiwo ya ƙare. Ƙannensa suka karɓi garken.

Tun daga ranar malamin bai sake tambayar kowa ba. Sai ya durƙusa ya duba kowane rauni da idonsa, sannan ya tsara layi. Ya nemi gafara har ruga, Jauro ya kau da kai.

Shekaru suka shuɗe. Wata kasuwa ina wurin, sai ga Jauro da sandunansa, ya kawo matarsa, lauje ya sare ta a hannu, ta rufe da zane tana cewa ba komai. Malamin ya buɗe, ya duba, ya sa ta gaban kowa. Da ya gama ɗauri, Jauro ya miƙa masa hannu.

"Malam, ka biya ni ƙafata. Na yafe."

Allah Ya jiƙan su duka. A wurinsu na koyi cewa mai shiru ma yana jin ciwo, sai dai a duba shi.