Ranar da Sakamakon Saniyar Pitowa Ya Ƙi Buɗewa

Na yi shekaru ina aikin sakatariya a ofishin likitan dabbobi na wata mayanka a Garwa. Ɗaki ne ƙarami, tagarsa tana kallon farfajiyar da ake fiɗa, don haka daga kan kujerata nakan hango mahaifina tsugune a kan dabba. Mahauci ne, a nan ya tashi, a nan kuma ya yi furfura. Aikina bai wuce shigar da bayanin shanun da aka duba cikin kwamfuta ba, sai kuma fitar da rahoton ɗakin gwaji idan mun aika musu jini ko tsoka. Ɗakin gwajin yana can wani gefen gari. Su suke ajiye sakamako a rumbun bayanansu, ni kuma manhajar da ke kan teburina take janyo shi, in buga wa Dokta a takarda.

Wata safiya cikin damina aka kawo saniya daga Pitowa, Baba ya yanka ta, ya feɗe. Da Dokta ya zo dubawa sai ya tsaya cak a kan saifarta. Ta kumbura, ta yi baƙi. Ya sa kowa ya ja da baya, ya hana a taɓa naman, ya ɗebi abin gwaji ya aika da mai babur. Yana zargin ciwon saifa ne, cutar da ke kashe shanu farat ɗaya, kuma takan kama mutum idan jinin ya shiga jikinsa ta wani rauni. Baba kuwa yana da yanka a tafin hannu, wuƙa ta kufce masa kwanakin baya, tsumma kawai ya ɗaura.

Aka wanke masa hannu, Dokta ya ce lallai ya je asibiti. Baba ya ce babu inda za shi sai ya ji abin da gwaji ya ce, domin in ya tafi yanzu kasuwa za ta ɗauka cewa ya sayar wa mutane da mushe. Ya samu benci a ƙofar ofishina ya zauna, ya ɗora hannun a kan gwiwa.

Bayan azahar aka kira Dokta daga ɗakin gwaji aka ce an shigar da sakamakon farko. Wanda ya kira ɗin mai karɓar baƙi ne, bai san abin da ke ciki ba, mai gwajin kuma ya fita. Na buɗe manhaja, na rubuta lambar saniyar, na danna wurin fitar da rahoto. 'Yar da'irar jira ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa. Can sai wani akwati mai jan baki ya fito, da Faransanci yana cewa ba a samu haɗuwa da rumbun bayanai ba. Na rufe na sake buɗewa, haka. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya na kunna, haka dai.

Na kira mai kula mana da kwamfutoci, wani Kirista ɗan ƙauyukan kan dutse mai yawan dariya, wanda ya koyi Hausarsa a kasuwa. Ya ɗauka cikin ƙarar iska, ya ce yana kan hanyar Poli, mahaifiyarsa ba lafiya. Ya gaya mini cewa tsawar daren jiya ta ƙona na'urar ɗakin gwaji, sun mayar da komai kan wata sabuwa, adireshin ya canza, shi kuma bai samu ya zo ya gyara tamu ba. Sai dai ni in yi da hannuna.

Tun ranar da na fara aiki shi da kansa ya nuna mini shafin saitin manhajar ya ce kada in kuskura in shiga, harafi ɗaya zai iya lalata aikin shekaru. Yanzu ga shi yana cewa in shiga. Na tuna masa.

Ya ce, "Ƙanwata, yau na ba ki izini. Abin da na faɗa kawai za ki rubuta."

Ya faka babur a gefen hanya ya fara karanto mini lambobin adireshin, rabi da Faransanci rabi da Hausa, layi yana ɗaukewa yana dawowa. Ina rubutawa ina maimaita masa. Muka wuce sunan mai shiga, muka wuce kalmar sirri. Na danna maɓallin gwada haɗuwa, sai ga kore. Daga nan aka nuno mini rumbuna biyu masu suna kusan iri ɗaya. Na tambaye shi wanne, na ji kamar ya ce na sama, layi ya katse. Na zaɓi na sama.

Rahoton ya buɗe. Lambar saniyar tana nan daidai, a ƙarƙashinta kuma, da manyan haruffa, an rubuta cewa an samu cutar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ta taga na ga mahauta sun yi cirko-cirko a inuwa, nesa da naman da aka rufe da leda. Ta ƙofa kuma ga ƙeyar Baba da hularsa da ta sha wanki. Na tuna da safe ya tsaya a gidana ya ɗauki ɗiyata da wannan hannun mai tsumma, amma sai na ce wa kaina ai wannan kafin yankan ne, kafin ne. Na yi ta nanata wa kaina haka. Na buga tebur, Dokta ya juyo.

Ya zo ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe yana karantawa, ni kuwa kalma ɗaya kawai nake gani. Sai ya ɗora yatsa a kan allon.

"Malama, nan an ce bijimi ne daga Bogo. Tamu saniya ce."

Ya sake nuna mini kwanan watan, na wata shekara ce can baya. Ban fahimci komai ba, na dai sake kiran wayar mai kwamfuta. Ta ƙi shiga, na yi ta kira har ta shiga. Da na karanta masa abin da ke gabanmu sai ya ce wayyo, wancan rumbun koyon aiki ne, bayanan ƙage ne suka zuba a ciki don horar da sababbin ma'aikata. Ashe ɗazu cewa ya yi kada in taɓa na sama.

Na koma shafin saiti. Wannan karon tsoron ya fi na farko, domin ɗazu na ga irin abin da allon zai iya nuna mini. Na zaɓi na ƙasa, na ajiye, na rubuta lambar. Da'irar ta fara juyawa. Baba ya leƙo ya tambaya da Fulatanci ko injin ya yi magana, Dokta ya ce masa ya ɗan ƙara haƙuri. Ni dai na rufe ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Dokta ne ya karanta. Saniya, daga Pitowa, kwanan watan yau. Ba a ga ƙwayar ciwon saifa ba, wata cutar kaska ce ta sa saifar ta kumbura, wadda ba ta kama mutum. Ya ce sakamakon farko ne, za a tabbatar nan gaba, naman dai ba za a sayar ba, kuma Baba zai je asibiti ko ya so ko bai so ba.

Na buga takardar, Dokta ya fita da ita wajen mahauta. Na ji hayaniya ta tashi, wasu suna hamdala, dillalin da ya kawo saniyar yana ta faɗa a kan asararsa. Ni na koma na zauna a kujerata.

Ni na raka Baba asibiti da la'asar. Aka kwance tsumman, aka wanke raunin, aka ba shi magani na kariya, yana ta mitar cewa an ɓata masa yini. Ban gaya masa rahoton ƙagen da ya fara fitowa ba, Dokta ma bai gaya wa kowa ba. Duk da haka na yi kwanaki ina zuwa gidansa da sassafe kafin aiki, in ce ya miƙo hannun in gani, yana cewa wai na zama likita. Tabbacin ɗakin gwaji ya zo, shi ma ya ce ba ciwon saifa ba ne. Mai kwamfuta ya dawo daga Poli, jikin mahaifiyarsa da sauƙi, ya zauna a kujerata ya cire rumbun koyon aiki daga manhajarmu, ya roƙe ni in kawo masa kilishi daga wajen Baba.