Mainasara Mai Tsire da Mutanen Zaure

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Zango da la'asar ya san tukubar Mainasara, ko da bai san sunan mai ita ba. Gajeren mutum ne kakkaura, bayan hannunsa duk tabon wuta. Yana juya tsinke yana sauraron gardamar masu jiran nama kamar mai jin rediyo. A bencinsa ɗan ɗariƙa da ɗan Izala kan yi musu har jijiyar wuya ta tashi, sannan su sa hannu a takardar tsire ɗaya su ci. Shi ba ya sa baki, murmushi kawai yake yi. Ya taɓa zama a inda ba a musu, ya kuma ɗanɗana.

Mahauci ne ɗan mahauci. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, yayarsa Larai ta goya shi ta tafi da shi gidan aurenta a garin Babban Mutum, sai da ya tasa ya dawo Zango koyon fawa. Tun da ya iya riƙe wuƙa, ba a taɓa yanka ragon layya ko na suna a gidan Larai wani ya feɗe ba sai shi. Ba wanda ya ɗora masa wannan. Haka dai aka saba.

Yana da furfura a gemu lokacin da wani baƙo, Malam Zakiyyu, ya kama gida a bayan gari ya buɗe karatu a zaurensa. Idan ka tambayi Mainasara abin da ya kai shi, zai ce neman lahira, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma akwai saura. Ranar farko baƙon ya miƙe tsaye, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Malam Mainasara, matso nan gaba." Shekara da shekaru yana salla a masallacin unguwa, ba wanda ya taɓa maƙala masa Malam. Ko dabbar da zai sayar, wani malami ne ke yanka masa, shi nasa fiɗa ce. Zakiyyu kuwa ya ce daga yau shi zai riƙa yanka wa jama'ar zaure da hannunsa. Mainasara ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Da farko komai irin wanda ya sani ne, salla ita ce, azumi shi ne. Sannu a hankali aka fara rufe ƙofar zaure idan za a yi karatu. Aka rantsar da su kada su faɗa wa kowa abin da suka ji, ko matansu. Aka ce kada su bi kowa salla a waje. Daga baya aka ce yankan duk wanda ba ɗan zaure ba mushe ne. Kowace doka idan ta zo, Mainasara sai ya ji ya ƙara tsawo a kan mutanen gari, bai lura da yadda gaisuwarsa da su take ƙanƙancewa ba.

Ana nan matar Sagir, ɗan Larai, ta haihu. Mainasara ya je neman izinin zuwa suna. Sai da ya durƙusa ya ga abin da ban mamaki, dattijo da shi yana roƙon a bar shi ya je gidan yayarsa.

"Wa zai yanka ragon?" in ji Zakiyyu.

"Limamin garinsu, Malam."

"To ka san hukuncinsa."

"Amma shi ma da sunan Allah yake yankawa. Me ya sa..."

Zakiyyu ya yi murmushin nan nasa mai sanyi. "Wanda ya shigo nan, 'me ya sa' yakan bar ta a waje tare da takalmansa. Mu ne danginka yanzu."

Ya ƙudurta zai je a ɓoye, ya yi barka kawai ya juyo. Don ma kada zuciya ta ja shi, ya bar wuƙaƙensa a gida, ya hau babur da sassafe. Ya tarar an raɗa suna, an raba goro, liman ya yanka rago ya tafi. Ragon yana kwance a gindin darbejiya, rana ta fara ɗagawa, ƙuda sun fara taruwa. Maza cike da ƙofar gida, ba wanda ya taɓa shi, don kowa ya san aikin wane ne.

Larai ta fito da ludayi a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Auta, ina kayan aikinka?"

"Yaya, barka na zo yi."

"Barka na da yawa a ɗaki, an kawo mini tun jiya. Rago nake tambaya." Ta nuna shi da ludayin. "Ashe gaskiya ne abin da ake faɗa. Ragon jikana mushe ne?"

"Ban ce ba."

"Malaminka ya ce, kai kuma ka ɗauko. To naman da na tauna na sa maka a baki kana bayana fa? Uban wannan limamin ne ya yanka. Sai ka amayar mini da abina kafin ka tafi."

Wani ya yi dariya a ƙofar gida. Larai ba ta yi ba. Ta shiga madafa ta fito da wuƙarta ta yankan kuɓewa, ta miƙa masa ta ƙota. Mainasara ya gane in ya juya yau, ba za ta zage shi ba, ba kuma za ta sake kiransa Auta ba. Ya karɓa, ya wasa ta a kan dutsen niƙa, ya naɗe hannun riga. Da ya gama ta gasa hanta ta ajiye masa a murfin kwano. Ya yi bismilla ya ci.

Labari ya riga shi isa Zango. Ya ƙwanƙwasa ƙofar zaure, ba a buɗe ba. Waɗanda suka sha kunu da shi jiya, yau in ya yi sallama sai su tsallaka titi. Da azahar ya nufi masallacin unguwa yana shirya amsar tambayoyi. Ba wanda ya tambaye shi komai. Na kusa da shi ya ja hannun rigarsa don sahu ya miƙe. Da aka sallame liman ya waiwayo ya ce, "Mainasara, kwana biyu. Anjima ka ajiye mini mai ɗan kitse." Babu Malam a ciki. Abin ya ɗan sosa masa rai, har yau ma yana sosawa, amma ya ci abinci ya ƙoshi ranar.

Kwanan baya masu musu suka matsa masa ya faɗi bambancin zauren da masallaci, tunda ya ga biyun. Ya barbaɗa yaji ya ce, "A masallaci da lasifika ake karatu, ka tambaya, ka yi gardama, ka tafi ka dawo. Can kuwa ƙofar a rufe take, mabuɗin yana aljihun mutum ɗaya."

Mutanen zaure suna nan, kuma duk wanda ya gifta ta tasha Mainasara yana yi masa sallama, a amsa ko kada a amsa. Makon jiya Larai ta aiko cewa matar Sagir ta sake sauka. Tun ranar ya wasa wuƙaƙensa, ya naɗe su a buhu, ya rataye a jikin babur.