Keziah da Wankin Ciki

Duk unguwar Rikoto an san Keziah da tsabta. Matar soja ce, ta sha zaman bariki gari gari. Da aka tura mijinta Japhet bakin daga, sai ta dawo Zuru da 'yarta tilo, Praise, da wata ɗabi'a da ta koyo wurin matan bariki, wato wankin ciki. Duk ƙarshen wata sai ta je kemis ta sayo kafso ja da yalo, ta ɓare a cokalin koko ta ɗura wa yarinya, ko da lafiyarta ƙalau. A ganinta ciki ma ɗaki ne, in ba a share ba datti ke taruwa. Tari kafso, gudawa kafso. Matan zumunta a coci kan yi mata tsiya, wai har ruwa sai ta wanke kafin ta sha. Ita ko a jikinta.

Daminar da Praise ta shiga aji biyu, suka je ƙauyen Manga taya kakarta aikin shinkafa a fadama. Sauron wurin ba a magana. Yaran gidan duk suka yi zazzaɓi, suka kwanta, suka miƙe suka koma wasa. Praise ba ta miƙe ba. Wuyanta ya sandare, ta kama jijjiga.

A asibiti, Dokta Bushira ta ce ba maleriya ba ce, suna zargin wata ƙwayar cuta ce da sauro ke ɗauka, ta haura ƙwaƙwalwa. Ta tambayi magungunan da yarinya ta taɓa sha. Keziah ta zayyano su har da ɗan alfahari.

Likita ta ce, "Maman Praise, a hanjin mutum akwai ƙwayoyi masu amfani da ke taya jiki yaƙi da cuta, kafson nan kuwa ba ya ware nagari da mugu. An gwada a jikin ɓeraye, waɗanda aka kashe wa ƙwayoyin ciki irin wannan ciwo ya fi kayar da su."

"To likita, ni na yi ma ɗiyata wannan?"

"Ban ce ba. Ɓera ba mutum ba ne, kuma akwai yaran da ba su taɓa shan kafso ba suka kamu. Gaskiya ban sani ba."

Wannan amsa ta fi komai ci mata rai. Da an ce ita ce, da ta yi kukanta ta san inda ta tsaya.

Praise ta rayu. Ta dawo gida tana jan ƙafar hagu, tana ci, tana dariya, amma ba ta san uwarta ba. Keziah ta daina zuwa kasuwa, ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida don kada ta yi nisa. Kullum in tana mata wanka sai ta ce, "Ni ce Mama." Yarinya ta dube ta, ta yi murmushi. In Japhet ya bugo waya ya ce, "Ta gane ki?" sai Keziah ta ce da sauƙi, ta shiga zancen damina.

Ranar Lahadin da ta wuce, Keziah ta miƙa mata ƙosai mai zafi a takarda. Praise ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna kamar yadda ake yi wa baƙi.

"Na gode, Anti."

Keziah ta ce, "Ba komai, ci abinki." Ta zaga bayan ɗaki ta yi kuka kaɗan, ta wanke fuska ta dawo, don mai na kan wuta kuma mutane na jira.