Tankin Iskata da Aka Yi wa Walda

A shekarun da haƙar zinari ta cika Anka da babura, faci nake yi a bakin hanyar da ke fita Dareta. Duk abin da na dogara da shi wani tsohon tankin iska ne da na gada wurin ƙanen mahaifina. Wata safiya ina ba taya iska sai na ji wani siririn huci. Na shafa ruwan sabulu a jikin tankin, kumfa ta tashi daidai inda gindinsa ya haɗu da gangar jiki.

Na ɗora shi a amalanke na kai wa wani dattijo mai walda. Ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya saurari ƙarar.

Na ce, "Baba, a liƙa mashi ɗan ƙarfe bisa wurin mana."

Ya ce, "Wanga ba taya ba ne. Ƙarfe bisa ƙarfe bai da ƙarko ga iska. Sai in yanke ruɓaɓɓen, in haɗa baki da baki, wuta ta ratsa. Waɗanda sunka ƙera shi ciki da waje sunka yi mashi walda. Ni ba ni iya shiga ciki. Ɗinkin waje kaɗai za ka samu, kuma bai kai ƙarfin na da ba."

Da ya gama ya cika tankin da ruwa, ya matsa shi da famfo. Ya ce in ɗinkin ya gaza, ruwa tsiyaya zai yi, iska kuwa tarwatsa ƙarfen take. Ko ɗigo bai fito ba. Duk da haka ya ja layin fenti a gilashin gejin da ke nuna ƙarfin iska, ƙasa da inda na saba kaiwa.

"Kar allura ta wuce nan."

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Manyan motoci masu son iska mai ƙarfi na riƙa sallamarsu. 'Yan acaɓa sun saba zama kan tankin suna jiran layi, na koma daka musu tsawa, har aka fara cewa na cika faɗa. Ko salansar babur ce ta buga a titi sai in waiwaya wajen tankin.

Inna ce ta lura tuwona na dawowa da saura. Da na gaya mata, ta ce, "To mi ya hana ka raba shi da mutane?"

Washegari na kwaɓa laka na tayar da 'yar katanga bayan rumfata, na mayar da tankin can, na jawo dogon tiyo zuwa bakin hanya. Ya ci gaba da aiki har na bar sana'ar, amma ban taɓa tayar da injin da ke cika shi ba sai na yi bisimilla na ja da baya.